Na Bar Takalmana a Masallaci

"Baba Malam, tsaya! Ga takalmanka."

Umaru baduku ne, maƙwabcina a Ƙofar Marke, ya biyo ni bayan Azahar. Ashe ƙafa ba takalmi na fito, ina taka rairayi mai zafi ban ji komai ba. Tafin har ya yi bororo.

Haka ƙafafun nan suke yanzu: da rana a mace, da dare kamar ana soka mini allura. Marigayiya matata ce ke duba su kullum, ta shafa man shanu.

Umaru ya ce, "Ka riƙa salla a gida mana, Baba."

Na ce, "In na bar masallaci, wa zai yi mini sallama?"



Ku masu tsofaffi a gida, yaushe rabon ku duba tafin ƙafarsu?