Ludayin da Na Rage Masa

Shekara ashirin da wani abu na yi ina sayar da wake da shinkafa a unguwar Maamobi, daidai inda turoturo, ƙananan motocin hayar nan, ke sauke mutane. Amariya kowa ke ce mini, yadda ake ce wa duk mai tukunya a unguwar ko da ta yi jika. Abu biyu aka san ni da su: hannuna ba ya rowa, bakina kuma ba shi da linzami. Wanda ya miƙo kwano zai tafi da gyara, idan kuma ya tsaya yi mini iyayi ya haɗa da baƙar magana.

Ɗana na fari yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin da abin nan ya faru. Ubansa direban babbar mota ne a hanyar arewa, sai ya yi sati uku ba mu sa shi a ido ba, don haka ni ce uwa ni ce uba. Yaron kuwa ƙwallo ce ta shiga jininsa. Tun yana buga lemun da ya ruɓe a lungu har wani mutumin Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, mai ƙungiyar yara ya ɗauke shi. Manaja ake ce wa mutumin. Tela ne, amma zai bar ɗinkin mutane a kan keke ya tafi fili da usur a wuya.

A gasar yaran nan ba a tambayar takardar haihuwa. Rabin yaran zango ba su da ita, masu ita ma ba a yarda da abin da aka rubuta. Sikeli ne alƙali. Kafin a fara wasannin shekara sai a tara yara a ɗora kowa, wanda ya wuce nauyin da aka yanka ya fita, ko da jiya aka yaye shi. Nawa kuwa jikin mahaifina ya ɗauko, ƙashi manya, ga shi ya tashi a gindin tukunya.

Wata safiya Manaja ya zo ya tsaya gefen teburina, bai sayi komai ba.

"Amariya, yaron nan yana buga bol paa, sosai da sosai," in ji shi. "Ba ni da kamar shi. Amma bodi nashi ya yi yawa. Sati biyu ya rage a hau sikeli. Ki taimake ni, ki rage mishi abinci."

Ban zage shi ba, ni da nake zagin mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Kaina ne ya kumbura. Ana ta labarin yaran zango da suka tashi daga irin wannan fili suka shiga manyan ƙungiyoyi, suka fitar da iyayensu daga ɗaki ɗaya. Shekarar yunwa ba ta daɗe da wucewa ba, kuma ni na gaji da ɗaki ɗaya. Na ce masa ya bar mini komai a hannuna.

Daga ranar na mayar da ludayinsa biyu zuwa rabi. Ba taliya, ba gari, ba ƙwai. Da yamma koko kawai, shi ma tsararo. Yana zaune a benci yana kallona ina danna wa baƙi abinci a ganye har yana zubewa.

Rana ta huɗu, lokacin fita fili ya yi, na ga bai motsa ba.

"Kai, ba ka ji la'asar ta yi ba?"

"Maa, ni ba zan je tirenin ba."

"Don me?"

"Haka nan."

Na fara da lallashi, abin da ban iya ba. Na yi masa alkawarin sabon takalmin kambas daga Kasuwar Malam Atta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa. Washegari ma haka. Sai halina ya motsa, na kira shi rago, na kira shi buhun masara, na ce yaran da ba su da uwa mai tukunya ma suna can suna gudu. A rana ta uku da fara ƙin zuwansa na rufe tukunya, na bar wa maƙwabciyata tebur, na kama wuyan hannunsa na ja shi har Nima, mutane suna kallonmu.

Ban taɓa zuwa filin ba sai ranar. Yara shida ko bakwai, masu jiki irin nasa, an ware su gefe. Kowanne ya ɗaura leda a ciki ya ɗora rigar sanyi a kai, suna zagaya fili cikin rana suna tofar da yawu, wai shi ma yawun nauyi ne. Ɗaya ya durƙusa a gindin katanga yana kakarin amai, ba abin da ke fitowa. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Manaja ya taho da gudu yana yi mini godiya, ya miƙa wa ɗana tasa ledar. Yaron ya juyo ya dube ni. Na ce masa ya yi sauri kada a bar shi a baya, na juya na koma wajen tukunyata.

Bayan nan bai ƙara gardama ba. Lokaci na yi zai tashi ya tafi. Har na fara yi wa maƙwabciyata fahariya, ina cewa yaro sai da tsawa.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da shinkafa a bakin babbar kwata, tsakaninmu da Nima. Ba ma shiri, don na taɓa cewa miyarta ruwan wanki ce, maganar kuma ta koma mata. Wata rana da hantsi, teburina cike da mutane, sai ga ta.

"Amariya, ba faɗa na zo ba," ta ce. "Yaronki kullum yana biyowa wajena, ya wanke mini tukunya, in ba shi ƙanzo. Jiya da ƙyar ya iya ɗaga tukunyar. Na ce bari in zo in ji ko lafiya."

Yanzu na san tausayi ne ya kawo ta. A lokacin ba abin da na ji sai kunya. Ɗan Amariya, wadda take ciyar da rabin unguwa, yana kankare gindin tukunyar wata a bakin kwata! Wani kwandasta da ke cin abinci a tsaye ya yi dariya. Na ce wa tsohuwar ta kula da kasuwarta, ta juya ta tafi.

Da ya dawo daga makaranta ban bari ya ajiye jaka ba. Na cire silifas na rufe shi da duka a gaban masu saye.

"Ni za ka tona wa asiri? Me na rasa da za ka je roƙon ƙanzo?"

"Maa, yunwa nake ji."

"Yunwar ta kashe ka! Kwana biyar ne za su gagare ka?"

Bai yi kuka ba. Ya ɗauki jakarsa da ta faɗi ya shige gida. Daga ranar ko rabin ludayin da nake zuba masa sai ya ci kaɗan ya turo mini sauran. Bai ƙara bi ta wajen tsohuwar ba, na bincika.

Ranar awo ban ɗora tukunyar kasuwa ba, na bi Manaja da yaransa. An jera yara daga su sai ɗan kamfai. Da aka zo kansa na ga haƙarƙarinsa a waje, ana iya ƙirgawa. Ya hau. Mai awon ya duba, ya sake dubawa, ya ce nauyinsa bai haura ba, ya shiga. Manaja ya ɗaga shi sama yana ihu, aka ba shi katinsa mai hoto. Shi dai kallon ƙasa yake.

Na riga shi isa gida na yi masa girki na musamman. Na cika kwano har ya yi tozo, ƙwai biyu, ganda, nama, taliya, duk abin da na hana shi. Ya shigo ya ajiye katin a gabana. Ya zauna ya yi loma uku ya wanke hannu.

"Na ƙoshi, Maa. Na gode."

Bai taɓa yi mini godiyar abinci ba sai ranar. Masu saye ne ke yi mini godiya.

Bai sake taka filin ba. Manaja ya yi sawu uku yana roƙo, yaron ya gaishe shi da ladabi ya shige ɗaki, ni kuma ban ƙara tilasta masa ba. Da ubansa ya dawo daga tafiya ya tambayi abin da ya ramar da shi haka, na ce zazzaɓi ne. Yaron yana zaune a wurin, bai ƙaryata ni ba. Da ma ya ƙaryata ni ɗin, an yi faɗan an gama.

Yanzu bakanike ne a unguwar Madina ta nan garin, da matarsa da 'ya'ya uku. Ba ya saɓa mini. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni, ba ya zuwa hannu sake, kuma kullum da cikinsa a cike yake zuwa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Ka tuna shekarar da aka ɗora ku a sikeli?" Ya ce, "Wane sikeli, Maa?" Ya tashi wai zai duba mota.

Babban ɗansa ya ɗauko jikin nan namu, ga ci kamar gara, kuma yana son girkina. Duk ranar da ɗana ya zo da shi na ɗauko kwano zan zuba wa yaron, sai uban ya katse hirar da yake yi, ko da wa yake yin ta. Yana tsaye yana kallon hannuna har sai na gama zubawa.