Naƙudar Hamsatu Mai Salati

In ka san unguwar Gamkalley, ka san Hamsatu mai salati, wadda ke saro ganyen latas a garakan bakin kogi ta kasa a ƙofar gidan haya. Mutuniyar Tasawa ce, aure ya kawo ta Yamai. Mijinta Ƙasimu direban babbar mota ne, yau yana Gaya, gobe Agadas, gida kuwa sai ya zo kamar baƙo. Maƙwabtanta duk Zabarmawa ne. Ban da gaisuwar "fofo" da ciniki, babu abin da ke haɗa ta da su.

Cikin fari, a gidan iyaye ake haihuwarsa. To, ita ina gidan? Innarta ta rasu kafin cikin ya fito. Abin da ta bar mata bai wuce magana guda ba, wadda Hamsatu ta sha ji tun tana budurwa: ɗiyar mutunci ba ta raki a kan gwiwa. Mace ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta durƙusa, ta cije, sai an ji kukan jariri a kira ungozoma ta yanke cibi. Haka Inna ta haifi bakwai, ko tari ba a ji ba.

Da ciwon ya taso mata da hantsi, tana tsakiyar yayyafa wa salati ruwa. Ta ajiye tiren, ta shiga ɗaki, ta ja ƙyaure. Don kada nishi ya tona mata asiri, sai ta ƙure muryar rediyo. Wuni guda tana durƙushe, ta kama ƙafar gado, tana jin mata a tsakar gida suna daka suna dariya da yaren da ba ta ji. Wallahi ba ta taɓa jin maraici irin na ranar ba. Ta kwana a haka, gari ya waye, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Tiren ne ya tona ta. Inna Kadi, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, mai ɗan jin Hausa, ta ga salati ya kwana a waje har ya yi yaushi. Ta san mai sana'a ba ta wasa da jarinta haka kawai. Ta banko ƙyauren.

"Subhanallahi! Ɗiyata, tun yaushe?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai gidanku!"

Tsohuwa ta yi nata ƙoƙarin. Ta kwance mata kitso, ta aika aka karɓo rubutu daga wurin liman, ta shafa mata ciki tana "kala suuru, sai haƙuri." Har azahar babu labari. Sai ta yafa mayafi, ta fita bakin titi ta tsaida taksi.

A matarnite, asibitin haihuwa, mata sun cika benci, kowace da uwa ko ƙanwa riƙe da ita. Unguwarzomar likita, wata Madam Sakina, ita kaɗai ce a kan aiki, gumi har cikin ido. Ta bi layi tana duba fuskoki. Wannan na ihu, waccan na birgima, ga Hamsatu zaune tsaf, ta rufe baki da gefen zane.

"Ke fa, ciwon ya yi tsanani?"

"Da sauƙi, Madam."

"To, jira tukuna."

Kai, jama'a! Inna Kadi kuwa ta tafi famasi sayen safar hannu, babu mai faɗa a madadinta. Aka shiga da mai ihu, aka shiga da mai birgima. Hamsatu na kallo, har a ranta tana cewa ji marasa kunya.

Can sai ta lura da wani abu. Ɗan da ya kwana yana harbinta ya daina motsi. Ta danna cikin, ta saurara. Shiru. Tsoro ya kama ta tun daga tafin ƙafa. Ta ga dai a gidan nan ba a san mai haƙuri ba, kuma in ta ci gaba da cijewa, gawa za ta haifa.

Ta buɗe baki, da farko abin ya ƙi fita. Sannan ta kwarma ihu, har masu shara suka yar da tsintsiya.

"Wayyo Inna! Ɗana zai mutu! Tun jiya nake!"

Madam Sakina ta zo a guje, ta taɓa cikin, fuskarta ta canza. "Tun jiya? Kika ce mini da sauƙi? A gicciye yake!" Nan take aka tura ta ɗakin fiɗa.

Ta farfaɗo da la'asar sakaliya. Kowane gado da 'yan barka kewaye, ga kwanonin kunu, ga surutu. Nata gadon babu kowa, Inna Kadi ta koma ɗora mata ruwan zafi, wayar Ƙasimu kuma ba ta shiga. Madam Sakina ta kawo ƙunshin zane ta kwantar a gefenta.

"Mace ce. Da ƙyar muka samu ta yi numfashi, amma ga ta."

A Tasawa, uwa kan kau da kai daga 'yar fari, ta yi kamar ba ta gan ta ba, don kunyar dangi. Hamsatu ta duba hagu, ta duba dama. Babu nata ko ɗaya da za ta ji kunyarsa. Sai ta janye zanen daga fuskar jaririyar, ta yi ta kallon abarta, hawaye na zuba a kan matashi.