Kaset Ɗin Kasuwar Bawku

Ni ɗan Salaga ne, daga gidan 'yan doya. Da mutuncina na tashi, sai dai ina da son a san da ni. A shekarun tamanin wani kawuna ya dawo daga Najeriya da kyamarar bidiyo, ya bar mini ita. Biki da suna nake ɗauka, da yamma in kunna janareta a wani zaure, mutane su biya su ga fuskokinsu suna dariya.

Wata rana a wurin suna mahauta biyu suka kaure da dambe, na ɗauka. Da na nuna, ba wanda ya kula da jaririn. 'Yan kallo suka yi ta ce mini, "Massa, maigida, mai da shi baya!" Sau shida na mayar. Daga nan na fara farautar rigima, in kuma babu, in haɗa ta. Na samu abokin tafiya, Fuseini, mai muryar da ke tsinka kasuwa. A Yendi muka haɗa direbobi biyu faɗa da ƙarya. Kaset ya yi kasuwa, ni kuwa kaina ya kumbura.

Sai Bawku. Ranar kasuwa na hau kan lori na zaɓi wani dattijo mai albasa, don kawai fuskarsa tana da ban tausayi. Na saita kyamara a kansa, na ɗaga wa Fuseini hannu, ya kwarma: "Ɓarawo!" Na zaci mari biyu za a yi masa a bar shi. Aka karya masa ƙafa. Ina gani, ban kashe kyamarar ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Bayan wata biyu ina nuna kaset ɗin a Yendi, wata mata ta miƙe a tsakiyar zaure. 'Yarsa ce, Memunatu, can take aure. Ta ce in mayar farko. Na mayar, ina jin daɗin an nema. Ga tsohon yana auna albasa, shi kaɗai a hoton, kusan minti guda kafin ihu.

Ta ce, "Babana bai taɓa komai ba tukuna. Wa ya gaya ma kyamara ta jira shi?"

Nan asirina ya tonu, aka miƙa ni ga hukuma. Shekara huɗu na yi a gidan yari.

Da na fito na nufi Bawku. Na sami tsohon a ƙofar gida, sanda a gefensa. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini ruwa.

Ya ce, "Ɗana, ƙafa na yafe maka. Amma jikokina ana ce musu jikokin ɓarawo. Inda ka kai sunana, je ka dawo da shi."

Na bi garuruwa ukun da na ɓata sunansa: Bawku, Yendi da Salaga. Bayan sallar Juma'a in tsaya a ƙofar masallaci in faɗi abin da na yi da bakina. Wasu suka zage ni, wasu suka sunkuyar da kai, don sun kalla, sun kuma yi dariya.

Yanzu doya nake sayarwa, ina da iyali, ina barci lafiya, alhamdulillahi. Ku yara, in aka nuna muku wani ana wulaƙanta shi, kafin ku yi dariya ku tambayi wanda ya ɗauka yaushe ya kunna kyamarar. Ni na dawo da sunan tsohon a garuruwa uku. Kaset ɗin kuwa an kwafe shi, ban san garuruwa nawa ya je ba.