Mama Martina Mai Zuwa Makokin Bincike

Kullum da sassafe Mama Martina kan fito daga gidansu a Muchia, ta nufi ofishin gidauniyar da 'yan kasuwar Sabon Gari suka kafa don tallafa wa masu bincike a Samaru. Amsa waya da shirya ɗakin taro aka ɗauke ta yi. Sauran aikin ita ta ɗora wa kanta, kuma a kan mijinta, Baba Gregory, tsohon malamin firamare, abin yake ƙarewa.

In bincike ya yi kyau, manya ne ke zuwa a ɗauki hoto. In ya lalace, sai Mama. Ita a wurinta lalacewar bincike rasuwa ce, dole a je gaisuwa. Takan dafa fate ta zuba a kula, ta je ta zauna da mai abin, ba nasiha, ba tambayar garin yaya. Da aka ɗauke wuta firji ya saki, jinin gwajin da wata ɗaliba, Bukola, ta daɗe tana tarawa ya lalace, yarinyar ta haɗa kaya za ta koma garinsu. A tasha Mama ta cim mata, ta zauna a kan jakarta har motar ta tashi. Yau Dakta Bukola ake ce mata.

Baba Gregory dai kishi yake yi, kuma ba ya ɓoyewa. Yakan ce shi ya yi aure, 'ya'yan wasu ke cin girki. In ya yi zazzaɓi a ce ya sha magani, amma masara ta bushe a gonar gwaji, an yafa gyale an tafi ta'aziyya. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: matarsa a gida, su tsufa tare.

Ranar bikin ritayarta ya karɓi lasifika ya ce, "Aro na ba ku, yau na zo karɓar abata. Kowa ya goge lambarta." Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba.

Ta hau bayan mashin ɗinsa ke nan waya ta yi ƙara. Wata ɗaliba ce, Tolu, tana kuka, ruwan sama ya tafi da shukar gwajinta a wajen Shika. Mama ta saurara, ta ba ta haƙuri, ta kashe wayar ta ce su je gida, ai ta yi ritaya. Baba ya ji daɗi har cikin ransa. Amma tafiya ta yi nisa, matar da ba ta rabo da hira ba ta ce uffan ba. Ya rage gudu, ya ja tsaki, ya juya kan mashin ya nufi Shika.

"Ba don yarinyar ba ne," in ji shi. "In na kai ki gida a haka, gangar jiki kawai na kai."

Mama Martina, ke ce uwar waɗanda abu ya kwaɓe musu. Ba a taɓa sa sunanki a bangon littafin kowa ba, amma da yawa ba don ke ba da ba a rubuta su ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu zama a ofisoshi, ku riƙa tashi kuna zuwa inda ake kuka.

Kai ma Baba, mun gode. Mun san ba da son ranka ba ne.