Sauron Kinu a Cikin Ambulan

Kinu ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma duk ƙauyenmu na bakin tabkin Biwa babu matar da wasiƙa ta wahalar kamarta. 'Yar masunta ce. Lokacin da sa'o'inta ke zuwa makaranta, ita tana gidan wani mai sayar da shinkafa, goye da ɗan mutane. Da ta girma ta auri Genzo, ɗan tsohon magatakardan ƙauye, wani dogo siriri mai tabarau, wanda in ka gaishe shi sai ya gama kallon ƙwaron da ke kan ganye kafin ya amsa.

Bayan an haifi 'yarsu Mitsu, Genzo ya sami aiki a tsibirin Taiwan, wurin likitocin da ke binciken zazzaɓin cizon sauro. Shi ba likita ba ne. Nasa aikin shi ne ya bi fadama da turken dabbobi ya kamo sauro, ya farke cikinsu a ƙarƙashin madubi, ya rubuta abin da ya gani. Ya ce ba zai daɗe ba. Mitsu ta yi haƙori, ta yi tafiya, har ta fara famfara, uban bai dawo ba.

Wasiƙa kam yana aikowa, ba a raba shi da wannan. Duk ranar da ta iso, mahaifinsa, tsoho Kuwabara, sai ya wanke hannu, ya fara ajiye ta gaban allon sunayen kakanni, sannan ya kira Kinu ta durƙusa ya karanta mata da irin muryar da yake karanta sanarwar gwamnati a da. Me ke ciki? Sauro. Mai zane a ƙafa, mai ɗigo a fiffike, wanda ke cizo da magariba, wanda ya fi son jinin ɓauna. Kinu na durƙushe har ƙafafunta su mutu, tana jiran ta ji sunanta. Can a ƙarshe sai ta ji, "A gaishe da mutanen gida." Ita da kyanwa, gaisuwa ɗaya.

Amsar ta fi ciwo. Tsohon zai niƙa tawadarsa, ya gyara zama, ya ce, "Ke Kinu, kina da abin faɗa wa mijinki?"

"Baba, a ce masa rufin ɗakin girki yana zuba, ni kaɗai nake dashen shinkafa, kuma 'yarsa ta ɗauka mai kawo wasiƙa ne ubanta."

Sai ya gyaɗa kai, ya yi ta jan burushin rubutu, sannan ya karanta mata da alfahari: ganyen bishiyoyi ya yi kore shar, ana fata yana cikin ƙoshin lafiya, nan gida kowa lafiya lau, kada ya sa damuwar komai a ransa.

"Baba, ina rufin?"

"Ba a aika wa mutumin da ke bakin aiki a nesa kukan gida. Gidan da ya san mutunci ba ya yi. Na san a gidan masunta ihu ake yi daga wannan gaɓa zuwa waccan, amma nan takarda ce."

Haka ta yi ta haɗiyewa, har daminar da masassara ta kama Mitsu. Irin wadda muka sani ce a bakin tabki: yau yarinya na wasa, gobe da hantsi tana rawar sanyi haƙora na kaɗawa, sai zafi, sai gumi, jibi ta tashi kamar ba ita ba. Tsohon ya ce wane yaro ne a ƙauyen nan bai yi ta ba. Ya aiki Kinu ta ɗaure gunkin dutsen da ke mararraba da igiyar karan shinkafa, ta ce masa ba za a kwance shi ba sai ya sauke zazzaɓin. Ta ɗaure shi tam, har da ƙarin ƙulli don haushi. Gunki ya sha ɗauri, yarinya ta ci gaba da ramewa. Idonta ya yi fari, gefen cikinta na hagu ya taso ya yi tauri. Likitan gari ya ba da wani garin magani a takarda, aka sha, shiru.

"Baba, wannan karon a rubuta. Abin da ya je can yana nema, ga shi nan yana cin 'yarsa."

"In na rubuta ya bar aikin hukuma ya taho, da wane ido zan dubi mutane? Za ta warke kafin girbi."

Ya rubuta cewa zafi ya yi yawa bana, kowa lafiya lau.

To, manne ambulan da talgen shinkafa da kai shi gidan waya aikin suruka ne, tsohon ba ya ƙasƙantar da kansa a nan. Kinu ta tsaya da takardar a hannu tana huci. Ba ta san harafi ba, amma ta san yaren da mijinta ke ji. Ta shiga gidan sauron Mitsu, wanda duk ya sha faci, ta tafe waɗanda suka kwana suna shan yarinyar, ta shafa su a ƙyallen takarda, jini face-face, ta cusa a ambulan. Ta ce a ranta, ko jaki ne ya ga jinin nan ya san daga jikin mutum ya fito.

Amsa ta zo da sauri fiye da kullum. Tsohon ya wanke hannu, ya fara karatu. Genzo na godiya ƙwarai da saƙon da aka sa masa. Sai dai sauron sun iso a murƙushe. Nan gaba kada a tafe su, a kife su da kofi, a sa su a akwatin ashana tsakanin auduga. Duk da haka ya ga fiffike ɗaya da bai lalace ba, mai ɗigo-ɗigo, kuma ya kasa barci don murna.

Tsohon ya sauke takardar. "Wane saƙo?"

"Nawa ne, Baba."

"Kika sa ƙazanta a cikin rubutuna?"

"Ita kaɗai ya karanta, ga shi nan ka ji."

Ta fita bayan gida ta zauna kan turmi, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Murna. Mutum ya ga jinin 'yarsa, fiffike ya tsaya dubawa. Amma Kinu 'yar masunta ce, ta san in kifi ya taɓa ƙugiya ba a fizga da fushi. Ta samo kofi da akwatin ashana, ta zare auduga daga bargonta, ta jera masa sauro lafiyayyu kamar kayan biki. Tsohon bai iya hanawa ba, tunda ɗansa ne ya nema, kuma aikin hukuma ne.

Wasiƙa ta gaba tambaya ce zalla. A ina aka kama su? A ɗaki ko a turke? Wane ruwa ne kusa, mai gudu ko kwantacce? A ba shi amsa dalla-dalla.

"To, faɗi in rubuta," in ji tsohon.

"A ce masa in yana so ya sani, ya ɗauko ƙafafunsa ya zo ya gani."

Tsohon ya tsoma burushinsa a tawada. Wannan magana ba ta shiga takarda. Ya juya ta, ya wanke ta, ya rubuta cewa Kinu mace ce marar ilimi, ba ta iya kwatanta wurin ba, abin sai an gani da ido. A karo na farko ladabinsa ya yi mata aiki.

Genzo ya sauka ana gab da girbi, da jakar kwalabe da ragar kamu a kafaɗa. Ya rusuna wa mahaifinsa, ya rusuna wa kakanni, ya juyo ga matar da ya bari shekaru.

"Kin yi ƙoƙari da akwatin nan. Ina wurin?"

"Sannu da hanya, Baban Mitsu. Biyo ni, ba nisa."

Ya ɗauki ragarsa ya bi ta. Ta tura ƙofar ɗaki, ta ɗage gidan sauro. Mitsu na kwance, wuya kamar zare, ciki a kumbure, tana kallon baƙon mai tabarau.

"Ga fadamar taka," in ji Kinu. "Kwantacciya ce, ba ta gudu."

Ragar ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa, ya danna gefen cikin yarinyar, ya ja fatar idonta. Ya zazzage jakarsa har ya samo kwalbar kwinin da yake sha don kansa.

"Tun yaushe? Me ya hana a rubuta mini?"

"Na rubuta maka da jini, ka ce in daina tafewa."

Ya dubi mahaifinsa a bakin ƙofa. Tsohon ya ce ba a ɗaga hankalin mai aiki, amma a hankali ya faɗa, yana kallon tabarma.

Mitsu ta sha ɗaci ta tashi. Kinu ta je ta kwance gunki, ta ce masa ba don halinsa ba. Genzo ya gyara rufi, gyaran da bai hana zuba ba, ya cika kwalabensa a kwatamin bayan gida, da sanyi ya shigo ya koma Taiwan. Wasiƙu suka ci gaba, sauro a sama, gaisuwa a ƙasa, sai dai yanzu yakan ƙara layi ɗaya: a taɓa masa cikin Mitsu. Kinu ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ta yi abin da kowace mace ke yi da tsohuwar takarda, ta liƙe su a jikin ƙofofin ɗaki, waɗanda dama na takarda ne, don tare iska. Da aka dawo da akwatin Genzo bayan rasuwarsa, ta haɗa da wasiƙun da tsohon ya riƙa aika masa, ta ƙara wa ƙofofin kauri.

Tana tsohuwa tukuf wasu malaman jami'a suka zo neman takardun masu binciken zazzaɓi na da. Suka cire ƙofofin, suka jiƙa, suka ɓare su ɗaya bayan ɗaya, Mitsu, da furfurarta, tana zuba musu shayi. Babbansu ya karanta wasu daga cikin waɗanda aka aika daga gida, ya ɗauka kalamanta ne, ya cire tabarau ya share ido.

"Iya, ke kam an yi mace mai haƙuri. Shekara da shekaru, ko sau ɗaya babu ƙorafi. Kullum kowa lafiya lau."

Kinu ta dube shi, ta dubi Mitsu da ke danne dariya a bayan tire. Ta buɗe baki, ta ga ya riga ya zaro alƙalami zai rubuta abin da za ta ce, ta san kuma yadda magana ke komawa in ta shiga hannun masu alƙalami.

"Ɗan nan," ta ce, "ku dai mayar mini da ƙofofina kafin ƙanƙara ta sauko."