Lurun Kawu Nomau

Ku da kuka san Kawu Nomau, ƙanin uwata, ku faɗi tsakaninku da Allah: wa ya taɓa ganin wuyansa? Rani da damina, har bazarar da ƙadangare ke neman inuwa, yana cikin riga kan riga, hular haɓar kada ta rufe kunnuwa, ga tsohon lurun nan, bargonsa na saƙi, a kafaɗa. Duk Matameye ƙato muka ɗauke shi. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Sanyi ba ya sallama."

Shi a wurinsa tari laifi ne. Wata rana liman ya ɗan yi gyaran murya a sallar azahar. Ana idarwa Kawu ya tare shi da ƙullin garin citta da masoro da kimba da barkono.

"Malam Nomau, ƙaiƙayi ne kawai."

"Allah gafarta Malam, na maƙabarta ma haka suka ce."

Liman ya lasa don kunya. Ranar dai wani ne ya ja la'asar, liman yana gefe yana sharar hawaye.

Lurun kuwa, wa'iyazubillahi! Ya sha hayaƙin tazargade da tafarnuwa da man shanu, har awaki kan kauce masa a hanya. Da matarsa, Inna Tabawa, ta gaji, ta faki idonsa ta jiƙa shi a ruwan toka. Kawu ya tarar da ita ya dafe kai.

"Tabawa, maganin shekara da shekaru za ki zubar a kwata?"

Wallahi a gabana ya tari baƙin ruwan nan a ƙwarya, ya kai wa maƙwabcinsa mai mura, ya tsaya sai da ya shanye. Mutumin bai ƙara tari ba, a inda Kawu zai ji dai.

Sai shekarar da tarin shiƙa ya shigo gari cikin tsananin ɗari. An binne yara a unguwarmu, 'yata Hajo kuma ta kama, tana tari har ta shiɗe. Na fid da rai. Da hantsi sai ga Kawu da kunun kanwa da zuma da tukunyar sirace.

Na ce, "Kawu, kada ka ƙarasa mini ita da wari."

Ya ce, "Kauce, 'yar nan."

Ya sauke lurun ya lulluɓe ta. Ya tuɓe riga ya ƙara mata, ya tuɓe wata, ya tuɓe wata. Muka saki baki. Ashe ƙaton namu ɗan tsurut ne kamar karan gero, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Inna Tabawa ta ce, "Ni na sani, ban dai faɗa ba."

Haka ya yi ta jinyarta da 'yar taguwa ɗaya, yana karkarwa. Hajo ta tashi, shi ya kwanta. Na kai masa lurunsa ina kuka, ya ture hannuna.

"Bar mata. Sanyin nan ya daɗe yana nemana. Gara ya same ni da ya same ta." Kwanciyar da bai tashi ba ke nan.

Yau Hajo da goyonta, kuma lurun yana ɗakinta, ba wanda ya isa ya wanke shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya lulluɓe shi da rahama yadda ya lulluɓe mini 'yata. Amin.