Abin da Na Ɗaura a Cikina Zuwa Yawunde

Mun tashi da asuba daga Garwa, ni da surukina, mahaifin maigidana. Auren 'yar ƙaninsa ne ya kai mu Yawunde. Maigida ya ce shago ba zai baru ba, sai aka haɗa ni da tsoho in kula da abincinsa da maganinsa. Mutumin da tun da na shigo gidansu ko gyaɗa ban taɓa ci a gabansa ba. Shi kuwa "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Tun kafin mu fita tasha na ji marata ta ɗaure, na ce shi ke nan, baƙon wata ya zaɓi ranarsa. Ni kuwa nawa da sanyi yake zuwa. Daga cikin ƙashi yake fitowa, yatsuna su sandare, haƙora su yi ta haɗuwa, a Garwar nan da mutane ke kwana a tsakar gida saboda zafi. Dabarata tun ina budurwa ita ce ruwan zafi a gora, in naɗe da ɗankwali in ɗaure a mara. Ran nan gorar ƙarfe ta makarantar ɗana na sura, na saka suwaita biyu, na zumbula hijabi a kai.

Hanya ba ta bar kowa ya zauna wuri ɗaya ba. Tun da aka fara ɗaura wa yara mata bam a can arewa, shinge ya yi yawa har ya gundure mu. A sauka, a nuna kati, a buɗe jaka, a taka da ƙafa, a sake hawa. Duk inda muka tsaya sai in zame wajen mai shayi in cika gorata, in laɓe bayan mota in sake ɗauri. Masu shayin nan ba su da tausayi, ruwa zalla kusan kuɗin shayi da madara. Baba, wato surukin nawa, in ya idar da salla ba ya tambayar ko na yi, sai dai ya miƙo mini ayaba ya kau da kai, ni kuma in jefa ta a jaka. Muka kwana a Ngaundare, washegari muka bi ta Bertuwa. Daji ya rufe kore shar, ruwa ya tsuge, fasinjoji suna buɗe taga wai suna shan iska, ina ta zaginsu a zuci.

Birkiteri kam, unguwar Hausawan Yawunde inda muka sauka, gida ce, sai dai gida a kan gangara. Hausa ta ko'ina, in an zo lissafi a juye Faransanci. Teloli jere da kekunansu, hayaƙin soya, wato tsire, ya cika layi, jan taɓo yana kama takalmi. Ku da kuka ba ni sallahun atamfa ku yi haƙuri, na taya a kasuwar Mokolo na ajiye musu abinsu. Ban ma iya tsayawa ciniki ba, in na zauna sanyi, in na tashi jiri.

Ranar walima aka toshe layin gidan bikin da rumfa. Samarin unguwa suna bakin shiga da sandar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe, ga jandarma guda da bindiga a gefe. Matar da ke laluben mata ta shiga sallar la'asar. Baba ya wuce, wani saurayi ya ce Hajiya a yi haƙuri, ya kawo sandar kusa da ni daga nesa-nesa. Tana zuwa saitin cikina ta ɗau kuka.

Sai a lokacin na ga kaina yadda suke ganina: baƙuwa daga arewa, ta jibga kaya, jiki na ɓari, ga wani tudu a ƙarƙashin hijabi. Kafin ƙiftawar ido layi ya watse. Kujeru suka zube, wata ta bar takalminta, tukunyar shinkafa ta kife. Jandarman ya ɗaga bindiga yana ihu da Faransanci, in ɗaga hannu, kada in motsa, in faɗi abin da ke jikina.

Wallahi amsar tana bakina. Amma ga maza, ga Baba a tsaye yana ji. Harshena ya ƙi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na tuna yarana, duk da haka kunya ta hana ni faɗa.

Baba ne ya dawo da sandarsa, a hankali, ya tsaya tsakanina da bakin bindigar. Ya yi wa jandarman magana da ɗan Faransancinsa, ya ce matar ɗansa ce, lalura ce irin ta mata, shi zai nuna masa. Sai ya miƙo hannu ta baya, bai waiwayo ba.

"Uwata, kwance ki ba ni."

Na kwance na miƙa masa. Ya buɗe gorar ya tsiyaye ruwan a kan ƙafarsa, tururi ya tashi. Jandarman ya sauke bindiga yana share zufa. Wani daga bayan mota ya ce a kawo ganyen shayi mana, aka kwashe da dariya, ni kuwa na fashe da kuka.

Gwaggon amarya ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Tsinga. Ta ja ni ɗaki, ta ja fatar idona ƙasa, ta ce ji fari fat. Ta ce dama ɗumin jikin mace yakan ɗan sauka in al'ada ta zo, ciwon mara da rashin cin abinci su ƙara. Amma mai zubar da jini da yawa irina, ƙarancin jini za a fara nema, sannan a duba maƙogwaro ko da maƙoƙo, in da zazzaɓi kuma a gwada na sauro. Ta yi mini faɗa sosai, wai shekara nawa ina dafa kaina da gora ban je an duba ni ba. Washegari aka gwada, jinin ne ya yi ƙasa. Aka ba ni ƙwayoyi, Baba kuma ya aika kasuwar Etudi aka sayo hanta, wai shi yake marmari.

A hanyar dawowa, tsayawar farko, ya fito da wata jakar roba ta ruwan zafi da ya saya a farmasi, kantin magani, ya ba mai shayi da kansa ya cika. Ya ajiye mini a kujera yana kallon taga.

"Marigayiya, uwar maigidanki, ma haka take," in ji shi. "Ni nake hura mata wuta."

Mun iso Garwa lafiya, zafi ya tarbe mu, na yi masa maraba. 'Yan'uwana mata, in sanyin nan yana kama ku, ku je a duba jininku, kuma ku buɗe baki tun kafin a tambaye ku da bindiga. Ni dai kafin mu sauka Baba ya sake miƙo ayaba, na ɓare na cinye a gabansa.